Ranar da Malam Falalu Ya Ja Ƙofa

Akwai wani hedimasta a wata firamare da ke tsakanin Panshekara da kamfanonin Challawa, sunansa Malam Falalu. Zancen wajen shekarar saba'in da takwas nake muku, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko kyauta, makarantu suka cika har wasu yaran a kan taga suke ɗaukar darasi.

Malam Falalu mutum ne mai son tsari. Biro uku ne a aljihunsa, ja da shuɗi da baƙi, kowanne da aikinsa. In ka gaishe shi yana rubutu, sai ya kai ƙarshen layi ya ɗiga aya sannan ya amsa maka. Basfarsa ta hawa kuwa ta fi wasu amaren shan wanka.

Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi dai abin da takarda ta ce shi ke nan. Ko gobara ce ta tashi, sai ya duba ko an rubuto a kashe.

Yaran makarantar kusan duk 'ya'yan leburorin kamfani ne. Masu aikin masaƙa, masu aikin fata, masu lodin tirela. Iyayen su fita da jiniyar safe, ba a sake ganinsu sai an tashi.

A aji biyu akwai wata yarinya 'yar shekara tara, Zinariya. Ubanta Idi mutumin Nijar ne, yana aiki a wani kamfanin jeme fata. Yarinyar kanta na ja. Kafin malamarsu, Malama Hansatu, ta gama rubutu a allo, ita har ta karance tana jiran saura.

Sai dai tana da farfaɗiya.

Ku 'yan yanzu wataƙila ba za ku gane ba. A lokacin, mutane sun yarda ɗari bisa ɗari cewa in yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka, kai ma ka ɗauka. Ƙarya ce, ba a ɗauka. Amma je ka gaya musu. Mutum ya faɗi a tsakiyar kasuwa, sai ka ga fili ya buɗe kamar an ce ga 'yan haraji.

To a makarantar akwai mutum ɗaya da ba ta gudu. Sunanta Atika.

Atika ba malama ba ce. Mai taimakon aji ce, ita kaɗai ofishin ilimi ya turo wa makarantar. Aikinta raba alli, raka ƙanana bayan gida, share majina, raba faɗa. Karatunta na yaƙi da jahilci ne. Amma ta taso da ƙani mai wannan ciwo, ta san shi ciki da waje.

Shekara guda tana zama a bencin baya kusa da Zinariya. Ita ta gano cewa kafin abin ya zo, yarinyar kan ji wani wari kamar ana ƙona tsumma. Da Zinariya ta ce, "Yaya Atika, warin nan," sai Atika ta kama hannunta su koma gefe. Ta shimfiɗa mayafinta, ta kwantar da ita a gefe ɗaya, ta tallafe kan. Minti biyu, uku, abin ya wuce. Ta goge mata baki, ta bar ta ta ɗan yi barci. Kafin a tashi tara Zinariya ta dawo benci tana gyara wa na kusa da ita lissafi.

Har yaran suka saba. Sun daina gudu, sai dai su matsa.

Da aka dawo sabon zango, sai takarda ta zo daga ofis. Ta ce mai taimakon aji, a sa ta a ajin da ya fi yawan yara.

Malam Falalu ya zaro jan biro ya ƙirga kawuna. Aji ɗaya, ɗari da sha takwas. Aji biyu, casa'in da ɗaya. Shi ke nan, Atika ta koma aji ɗaya.

Aji ɗayan ma ba a cikin makarantar yake ba. Saboda rashin wuri, wani tsohon sito aka ara musu a tsallaken titin kamfanoni, inda manyan motoci ke layi.

Malama Hansatu ta same shi a ofis. Ta yi masa bayanin warin, ta yi masa bayanin mayafin, ta ce ita ga ciki wata bakwai, ga yara casa'in, in abin ya zo ba ta san wanda za ta kama ba.

Ya bari ta gama, ya juyo mata da takardar.

"Malama, karanta min inda aka rubuta farfaɗiya."

"Ranka ya daɗe, ai wanda ya rubuta bai san Zinariya ba. Ku kun san ta."

"Ɗari da sha takwas da casa'in da ɗaya, wanne ya fi? Ko in kira miki ita Zinariyar ta gaya miki, tunda an ce ta iya lissafi?"

Atika ma ta zo da tata dabarar. Ta ce to a bar yarinyar ta bi ta aji ɗaya, ta zauna kusa da ita, ta riƙa karɓo mata aikin aji biyu. Malam Falalu ya ce sunanta a rajistar aji biyu yake, kuma shi ba ya kankare rajista.

Kwana biyu bayan nan Idi ya zo da kansa, a hutun rabin awa da ake ba su. Daga bakin aiki ya taho, hannunsa duk ya rine, warin ɗanyar fata na binsa. Malam Falalu ya toshe hanci da hankici ya ce ya tsaya daga waje, su yi magana ta taga.

Idi ya durƙusa a ƙarƙashin tagar, har sai da hedimasta ya leƙo sannan yake ganin hularsa. Ya ce uwar yarinyar ta rasu, shi kuma yana fita tun safe. Ya ce da ma saboda an ce akwai mai riƙe ta ya yarda ya sa ta.

"To Malam, yanzu in ta faɗi, wa zai riƙe ta?"

"Kai, nan makaranta ce. Akwai manya."

Idi ya yi godiya ya koma aiki a guje, don jiniya ta kusa.

Aka yi sati uku lafiya. Sau ɗaya abin ya zo, Malama Hansatu ta yi yadda Atika ta koya mata, aka wuce wurin.

Ran wata Talata Malama Hansatu ta tafi awon ciki. Babu wanda zai riƙe ajin, sai Malam Falalu ya shiga da kansa. Ya sa su bitar sau bakwai, yana zagayawa da bulala a hammata.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Zinariya ta ɗaga hannu.

"Malam, warin nan."

Duk wanda ya san Challawa ya san in iska ta juyo daga kamfanonin fata, ko tuwo kake ci sai ka ajiye loma. Ranar kuwa ta juyo. Malam Falalu ko waiwayowa bai yi ba.

"Duk garin nan wari ne. Zauna. Bakwai sau shida?"

An gaya masa zancen warin nan, a ofishinsa, yana riƙe da biro. Ya ji da kunnensa. Bai ajiye ba ne kawai.

Ba a kai bakwai sau tara ba yarinyar ta yi wata ƙara ta zube tsakanin benci biyu. Bencinan nan na gwamnati ne masu ƙafar ƙarfe.

Yaran suka matsa kamar yadda suka saba, suka zuba wa babba ido. Babba ya leƙa. Ya ga ido ya juye, ya ga kumfa na fita, tana gangarowa a siminti wajen takalminsa.

Jama'a, duk takardar shaidar malanta da ke rataye a ofis ba ta biyo shi ajin ba. Abin da kakarsa ta gaya masa yana ƙarami shi ya taso masa. Ya ja baya. Da yara suka ga hedimasta ya ja baya, sai aji ya fashe. Wasu ta ƙofa, wasu ta taga. Shi ma ya fita a cikinsu, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

Da kowa ya fito, sai ya ja ƙofar ya rufe, ya riƙe mariƙin da hannu biyu.

Daga baya ya ce ya yi haka ne don kada yara su koma su ɗauka. Allah ne masani.

Ya tura masinjan makarantar, Baba Gwadabe, ya kira Atika. Baba Gwadabe tsoho ne mai ciwon gwiwa, ga tireloli sun toshe titin tun daga sama har ƙasa, sai ya zagaya.

Malam Falalu na tsaye, hannunsa a ƙofa. Yara casa'in sun yi tsit a bayansa. Daga ciki abu ɗaya ake ji.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Kanta ne ke bugun ƙafar benci.

Tsakaninsa da ita katako ɗaya ne. Abin da ake buƙata a ja benci, a juya ta, a sa hannu a ƙarƙashin kai. Ko hularsa ya cire ya sa mata ta isa. Yana jin bugun har a tafin hannunsa, ta jikin ƙofar.

Sai bugun ya ragu. Sai wani gurnani kamar ana zuƙar ruwa a kwalba. Sai shiru.

Bai buɗe ba. Shirun ma ya tsaya yana saurara.

Atika ta iso babu mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Ita da ko sunansa ba ta iya faɗa sai ta rusuna, ranar kalma ɗaya ta gaya masa.

"Matsa."

Ta tarar da yarinyar a rigingine, amai ya cika mata baki, fuskar ta yi toka-toka, jini a ƙeya. Ta juya ta, ta sa yatsu ta kwashe abin da ya toshe, ta yi ta bubbuga bayanta tana kiran sunanta. Da ƙyar numfashi ya dawo. Wani direban tifa aka tare ya kai su asibiti cikin gari.

Bayan kwana tara aka sallamo ta. Da ranta. Amma Zinariyar da ke karance allo kafin a gama rubutu ba ta fito daga ajin nan ba. Wadda aka dawo da ita ba ta magana. Hannun dama ya saki. In ka nuna mata baƙi a rubuce sai ta kalle shi kamar yadda za ta kalli ƙuda a bango. Likita ya ce numfashin ya daɗe a tsaye.

Idi ya zo makaranta ya kawo littafin karatu da ɗan allon rubutu, ya ce kayan gwamnati ne. Wannan karon Malam Falalu ya ce ya shigo ya zauna. Idi ya ce nan bakin taga ma ya isa.

Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba.

"Malam, an ce kun ja ƙofa."

Malam Falalu ya kasa ɗago kai.

"Mu a wurin aikinmu akwai ramin jiƙa fata. An ajiye mutum guda da ƙugiya, ba ya aikin komai sai tsayuwa. In fatar akuya ɗaya ta nutse, shi zai ciro ta. Fatar akuya fa, Malam. Ba a taɓa cewa a kai shi inda fatu suka fi yawa ba. Inda ramin yake aka ajiye shi."

Ya ajiye kayan a kan taga ya tafi. A satin ya ɗauki 'yarsa suka koma Nijar.

Ranar da Idi ya kawo kayan, Malam Falalu ya zaro jan biro ya mayar da Atika aji biyu. Ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya, ta tambaye shi wa za ta zauna wa. Ta koma dai, don a ajin akwai wani Bala da ba ya ji sosai, da wata mai shan inna da sai an ɗaga ta.

Daga nan abin ya fara.

Ba mafarki ba ne, da rana tsaka yake zuwa masa. Yana zaune a ofis matan maƙwabta su fara daka, sai a ga biro ya tsaya a hannunsa. Kafinta ya buga ƙusa, sai ya miƙe tsaye. Ya bi ta bayan masaƙa a Basfa, injuna na bugawa a ciki, sai ya faka a gefen titi ya yi ta haki. Wata rana yana cin abinci ɗansa ya ɗauki cokali yana ƙwanƙwasa kwano, ya fizge cokalin ya jefa shi bayan katanga, sannan ya zauna yana kallon hannunsa.

Ya sa aka cire ƙofar aji biyu. Bayan sati ya sa aka cire na sauran azuzuwan. Awaki suka samu wurin kwana, Baba Gwadabe ya samu aikin shara, amma babu wanda ya iya yi masa magana.

A gida ma haka. In matarsa ta turo ƙofa, sai ya tambaye ta wa ke ciki. Ta ce babu kowa. Sai ya tashi ya duba.

Sunan kuma ya kasa kankarewa. Da aka yi canjin aji, da hannunsa ya kwafe Zinariya Idi zuwa rajistar aji uku. Shekara ta zagayo ya kai ta aji huɗu. Kullum da safe malamin ajin ya kira suna, a yi shiru, a sa alamar ba ta zo ba, a wuce. Yaran da suka zo daga baya har tsoron bencin baya suke, suna cewa akwai wata 'yar ajinsu da ba a gani.

Wani sufeto ya zo duba makaranta ya tambaya wace ɗaliba ce wannan da ta fi kwana ɗari uku ba ta zo ba. Malam Falalu ya ce ba ta da lafiya ne. Sufeton ya kalle shi, ya kalli azuzuwa babu ƙofa, ya rufe rajistar ya tafi.

'Yan uwa suka ce iska ce. Ya sha rubutu har haƙoransa suka fara baƙi, ya sha turare har rigunansa suka daina jin sabulu. A ƙarshe aka kai shi wurin wani tsohon malami a Zawaciki. Malamin ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe, ya ce ba zai ba shi ko cokali ɗaya na rubutu ba. Ya ce wannan ba aljani ba ne, haƙƙi ne. Shi kuwa haƙƙin mutum, sai mai shi ya yafe da kansa.

To ina mai shi? Babu wanda ya san sunan ƙauyen su Idi.

Sai ga mutumin da ke toshe hanci da hankici yana zuwa ƙofar kamfanin fata kullum in an tashi makaranta. Ya jingine Basfa, ya tsaya cikin warin, yana duba fuskar masu fita da masu shiga. Leburori har sun saba, suna cewa ga hedimasta ya zo neman aikin jima.

Sai a shekara ta uku, bayan an gama kaka, ya hango Idi a layin masu shiga. Ya rame, amma shi ne.

Malam Falalu ya durƙusa a gabansa cikin laka, mutane na wucewa. Idi ya ɗago shi ya ce wannan ba girmansa ba ne. Ya ce yarinya na nan da rai, tana wurin kakarta.

"Nawa na yafe tuntuni, Malam, don in samu in yi barci. Nata kuwa ban isa in yafe ba. Ba ni aka rufe ba."

Ya kwatanta masa ƙauyen, can bayan Magarya.

Malam Falalu ya so Atika ta raka shi, ko yarinyar za ta gane ta. Atika ta ce ita ba ta da abin roƙo a can, kuma in ta tafi wa zai zauna da su Bala. A ƙarshe Idi ne ya nemi hutun kwana biyu suka tafi tare.

Sun isa bayan azahar. Zinariya na zaune a tabarma ƙarƙashin wata bedi, ta yi tsawo, tana ɓare gyaɗa da hannun hagu, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. An yi mata kitso mai kyau.

Malam Falalu ya cire takalmi tun daga nesa. Ya durƙusa a gabanta ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce an gaya masa bai ji ba. Ya ce ta ɗaga hannu ya ce ta zauna. Ya ce shi ya ja ƙofar, kuma yana jin ta, kuma tsoro ne ba wani abu ba. Ya ce don Allah ta yafe masa.

Ta daina ɓare gyaɗar. Ta kalle shi ta daɗe, irin kallon da ba ka san ko kai ake gani ko abin da ke bayanka ba.

Sai ta ɗan muskuta gefe, ta jawo kwaryar gyaɗar, ta bar masa wuri a tabarmar.

Hawaye ya zubo masa. Ya juya wurin Idi, yana son a ce masa shi ke nan.

Idi ya kalli 'yarsa. Shi ba mai ƙarya ba ne.

"Kada ku ɗauka wani abu ne, Malam. Haka take yi wa kowa. Ko akuya ce ta zo."

Malam Falalu ya hau tabarmar ya zauna kusa da ita. Ya ɗebi gyaɗa yana taya ta ɓarewa, har aka kira la'asar.

Ya rayu shekaru da yawa bayan nan. Waɗanda suka san shi da tsufa sun ce in hira ta yi nisa sai ya ba da labarin nan da bakinsa, ya kai wurin tabarmar, sannan ya tambayi na kusa da shi, "Kai a ganinka, matsawar nan da ta yi, yafiya ce?"

Har ya rasu bai samu wanda ya iya ba shi amsa ba.

Darasi: In Allah ya ba ka ikon raba masu taimako, a makaranta ne ko a asibiti ko a gida, kada ka tsaya a ƙirga kawuna. Duba wane ne ba zai iya ba in babu kowa a gefensa, ka fara da shi. In ƙarami ya gaya maka abin da ya sani, saurara, ko da kai ke da biro uku. Kuma a sani, farfaɗiya ba a ɗaukarta: a kwantar da mutum a gefe, a kare masa kai, kada a cusa masa komai a baki, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai haƙƙin da in ka ɗauka, mai yafe maka ba zai ƙara samun bakin yafewa ba. Ku tura wa malamai da hedimastoci da iyaye, har da wannan kawun naku mai gudu in mutum ya faɗi.